Kafin Ka Ce Babu Sabis: Yadda Za Ka Saita Data a Wayarka da Hannunka

Bayan kakar bara, kawuna ya sayar da riɗinsa, ya hau mota daga Jajimaji zuwa Nguru, ya dawo da sabuwar babbar waya a kwali. Burinsa ɗaya ne, ya riƙa ganin fuskar ɗansa da ke karatu a Maiduguri. Aka sa masa layukansa biyu, aka saya masa data, aka buɗe masa WhatsApp. Kwana biyu saƙo bai fita ba. Ran na uku da la'asar ya same ni a gindin darbejiya, ya ciro wayar daga aljihun gaban riga, ledar da ta zo da ita ma bai ɓare ba.

"Ɗana, duba mini abin nan. Ga sabis cike, ga data an saya, amma ko motsi. Anya yaran nan ba gawa suka sayar mini ba?"

"Kawo mu gani, Kawu. Wane layi aka sa wa datar?"

"Na kasuwa mana."

Ita kuwa wayar an bar ta tana neman intanet ta ɗaya layin, na gida, wanda ko sisi babu a cikinsa. Taɓawa uku na yi, saƙonnin kwana biyu suka shigo a jere kamar awaki sun dawo daga kiwo. Da bai same ni ba, da washegari ya sake biyan kuɗin mota zuwa Nguru don ya yi rigima da mai shagon da bai yi masa laifin komai ba.

Intanet a waya yana tsaye ne kan abubuwa uku, kamar tukunya a kan murhu: sabis ɗin da ke zuwa daga ƙarfen kamfani, halin da layinka yake ciki, da kuma saitin cikin wayar. Na farko ba a hannunka yake ba. Na biyu da na uku kuwa naka ne, kuma a wurarenmu, inda ofishin kamfanin waya yake da nisa, sanin su yana hana asarar kuɗin mota da ta yini guda. Sunayen wuraren da za a taɓa zan rubuta su da Turanci yadda suke a fuskar waya, domin da su idonka zai yi karo.

Fara da layin

Kada ka shiga saiti sai ka tabbatar akwai abin da za a sha a rijiyar. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haɗe lambobin tambaya na duk kamfanoni, don haka ko MTN kake, ko Airtel, ko Glo, ko 9mobile (da ta koma T2 a 2025), lambar ɗaya ce. *323# na nuna ragowar data, *310# ragowar kuɗin kira, *312# kuma wurin sayen data. Idan amsar ta zo, karanta ta har ƙarshe. Wata datar ta dare ce kawai, wata ta WhatsApp da Facebook ce ban da sauran shafuka, wata kuma wa'adinta ya cika alhali ba ka cinye ta ba. Mutum zai ga "1GB" ya rufe saƙon, bai ga ranar ƙarewa da ke ƙasa ba.

Sai batun lambar zama ɗan ƙasa. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layi da NIN, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumbar 2024. Layin da aka toshe saboda wannan yana iya nuna sandunan sabis, amma ba kira ba intanet. Danna *996# ka duba matsayinsa. Wannan ba aikin mai gyaran waya ba ne, sai wurin masu rajistar layi, kuma da kanka za ka je.

Idan layi lafiya yake, jawo labulen saman waya ka ga ko alamar data a kunne take. Daga nan ka kunna alamar jirgin sama, ka ƙirga goma, ka kashe ta. Wannan yana sa waya ta saki ƙarfen da take manne da shi ta nemi sabo. Wanda ya taso daga Gashuwa ya sauka a tashar Jajimaji ya ga intanet ya tsaya, sau da yawa maganinsa ke nan. In bai yi ba, kashe wayar gaba ɗaya, ciro sim ɗin, goge gefensa mai ruwan zinare da busasshen ƙyalle, ka mayar. Ƙurar hunturunmu ba inda ba ta shiga.

Matsalar Kawu kuma ga inda take. A Tecno da Infinix da Itel, shiga Settings, nemi wurin da aka rubuta SIM da Network, a nan za ka ga Mobile data ko Default data SIM. Zaɓi layin da ke da data. A Samsung yana cikin Connections, sannan SIM manager. Wasu tsofaffin wayoyi ramin sim ɗaya ne kawai ke ɗaukar 4G, galibi na farko, don haka layin data shi ya kamata ya zauna a nan. Kuma idan kana amsa kira a layi na biyu ka ga intanet ɗin layi na farko ya tsaya, ba lalacewa ba ce, haka yawancin wayoyi masu sim biyu suke.

Harafin da ke kusa da sanduna

A nan ne na fi son mai karatu ya nutsu, domin a nan mutanen karkara suka fi cutuwa da shawarar 'yan birni.

Kusa da sandunan sabis akwai ɗan harafi. G ko E na nufin 2G, wanda kira da gajeren saƙo yake ɗauka, sai ɗan rubutun WhatsApp da ƙyar. H ko H+ na nufin 3G. Sai 4G ko LTE, wanda shi ne ke ɗaukar kiran bidiyo ba tare da fuska ta daskare ba. 5G kuwa MTN ta fara shi a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo a 2023, kuma daga manyan birane aka faro. Kada mai shago ya sa ka ƙara kuɗi saboda shi idan zamanka tsakanin Karasuwa da Bade ne.

Sanduna ƙarfin siginar suke nunawa, ba yawan hanyar da ta rage maka ba. Ran kasuwa, lokacin da masu kifi da masu hatsi da masu POS suka taru a ƙarƙashin ƙarfe ɗaya, sanduna za su cika fal amma shafi ya ƙi buɗewa, kamar famfo ɗaya da unguwa guda ta yi wa layi. Akwai kuma akasin haka: a ƙauyen da ke nesa da titi, waya za ta riƙa tsalle tsakanin 4G mai rauni da E, kowane tsalle yana katse abin da kake saukewa, yana kuma shan batir.

Maganin yana wurin da ake kira Preferred network type, ko Network mode a Samsung. Waya tana zuwa a kan zaɓin da ke barinta ta zaɓa da kanta, kuma a cikin garin Nguru ko Gashuwa shi ya fi. Amma idan ka ga tana tsalle, gwada ɗaure ta a 3G ka ga ko za ta zauna. Sau da yawa H+ mai sanda uku da ba ya motsi ya fi 4G mai sanda ɗaya da ke zuwa yana tafiya. Ran kasuwa ma haka, idan kowa ya hau 4G, wani lokaci sauka zuwa 3G ke fitar da kai. Ba doka ba ce, gwaji ne, kuma bai fi minti biyu ba. Idan kuma kana gona ko wurin su a fadamar Hadeja da Nguru, kira kawai kake jira, mayar da ita 2G ka kashe data. Batirin zai kai ka dare.

Abin da ba na so shi ne ɗaure waya a 4G kaɗai. Matasa na koya wa juna wata lamba, *#*#4636#*#*, wadda a wasu wayoyi take buɗe ɓoyayyen shafi, a zaɓi LTE only. Intanet zai iya yin sauri, gaskiya ne. Sai dai idan wayarka da layinka ba sa ɗaukar kira ta kan 4G, abin da ake kira VoLTE, duk wanda ya neme ka za a ce masa ba a samunka. Na ga wanda ya yi haka ya manta, aka yi rashin lafiya a gidansu da dare ana ta nemansa, shi kuwa yana kallon bidiyo. Wanda ya ɗaure, ya kwance da ya gama.

Akwai wani abu da ba a faɗa wa mai sayen waya. Kamar yadda rediyo ke da mitoci, haka sabis yake. Ƙananan mitoci, 700 da 800 da 900, sun fi tafiya nesa da ratsa bango, manya irin 1800 da 2600 sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. A faɗin ƙasa irin tamu, ƙananan su ne abokan tafiya. Glo ta fara 4G ɗinta a 2016 a kan mita 700, wanda a takardar waya ake rubutawa Band 28, MTN kuma tana da 800, wato Band 20. Wayar hannu da aka yi don kasuwar Amurka ko ta cikin ƙasar Sin tana iya rasa waɗannan, sai ka ga ta maƙwabcinka mai araha tana 4G, taka mai tsada tana H. Babu saitin da ke gyara wannan. Kafin ka biya kuɗin waya 'yar kwance, sa layinka a ciki ka ga harafin da za ta nuna.

Kana son sanin kusurwar da ta fi sabis a gidanku? Shiga About phone, sannan SIM status, ka duba Signal strength. Lamba ce mai alamar ɗebewa a gabanta. Kusan -85 sabis ne mai kyau, -110 da abin da ya wuce haka kuma ya yi rauni. Riƙe wayar ka zaga daga zaure zuwa tsakar gida zuwa bakin taga kana kallon lambar. Rufin kwano da katangar ƙasa mai kauri suna tare sigina. Idan ka gano wurin, ajiye wayar a nan ka kunna Hotspot, ka sa masa kalmar sirri, sauran wayoyin gida su sha daga gare ta. A inuwa dai. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40, wayar da ta yi zafi kuma da kanta take rage gudu, batirinta ya kumbura.

Ƙofar da ake kira APN

Idan data tana nan, sanduna suna nan, amma harafin nan bai fito ba sam, to a duba APN. Shi ne adireshin ƙofar da wayarka ke ƙwanƙwasawa a gidan kamfani kafin a bar ta ta fita intanet. Yawancin wayoyi suna cike shi da kansu da zarar an sa sim. Yana ɓacewa ne idan wayar daga waje ta zo, ko an yi mata filashin, ko wani ya yi mata shisshigi.

Taɓa sunan layin a cikin saitin sim, shiga Access Point Names. Abu na farko, taɓa ɗigo ukun da ke sama ka zaɓi Reset to default. Sau da yawa shi ke nan. In bai yi ba, taɓa alamar ƙari ka buɗe sabo. A gurbin Name rubuta duk sunan da ka ga dama. Gurbin APN shi ne mai muhimmanci, kuma da ƙananan haruffa ake cike shi, ba tazara. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, a Username da Password kuma a rubuta web. Na Airtel internet.ng.airtel.com, sauran gurabe biyun a sa internet. Na Glo gloflat, sauran biyun flat. Na 9mobile kuwa 9mobile ne, a bar sauran fanko. A APN type rubuta default,supl. Proxy da Port a bar su ba komai.

Can ƙasa akwai MCC da MNC. Kada ka taɓa su. 621 lambar Najeriya ce, ta biyun kuma ta kamfani: 20 Airtel, 30 MTN, 50 Glo, 60 9mobile. Idan ka canza su, abin da ka rubuta zai ɓace daga jerin.

Kuskure biyu ke mayar da mutane baya. Na ɗaya, a gama rubutu a danna komawa ba a taɓa Save ba. Na biyu, a adana amma a manta taɓa ɗan da'irar da ke gefen sabon sunan, sai waya ta ci gaba da bin tsohon. Ɗigo ɗaya da ya ɓace a cikin adireshin ma ya isa ya rufe ƙofar, don haka karanta shi sau biyu. Mai iPhone zai sami gurbin a Settings, Mobile Data ko Cellular, sannan Mobile Data Network.

Za ka gamu da masu cewa suna da APN na intanet kyauta, ko wata manhajar VPN da za a sa maka da ɗari biyar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk abin da ke fita daga wayarka zai bi ta kwamfutar wani da ba ka sani ba, kuma a wayar nan manhajar bankinka take. Sannan ran da dabarar ta mutu, saitin da suka cusa ne zai hana datarka ta halal aiki. Idan ka ga ɗan hoton makulli a saman fuskar waya, VPN ne a kunne, kashe shi ka sake gwadawa. Haka nan duk wanda ya kira ka ya ce daga kamfani yake, zai ɗaga layinka zuwa 4G ko 5G, ka karanto masa lambar da aka turo maka, ɓarawo ne. Kashe kiran.

Masu zuwa bakin iyaka

Wannan ya shafi masu fatauci da masu zumunci a arewacin Machina da Yusufari, da duk mai bin hanyoyin da ke fita Nijar. Sigina ba ta san iyaka ba. Kana cikin Najeriya wayarka za ta iya kama ƙarfen Airtel na Nijar, ko Moov, ko Zamani, sai ɗan harafin R ya fito kusa da sanduna. Daga nan kai baƙo ne a ƙasar waje, kuɗin data ya ninka, amsa kira ma ana iya cajinka. Sunan Airtel ya fi ruɗa mutane, tunda iri ɗaya ne a ƙasashen biyu, amma asusun daban ne, lambar MCC ta Nijar 614 ce. Kashe Data roaming tun daga gida. Sannan ka shiga Network operators, ka kashe zaɓin Automatic, ka jira jerin ya fito, ka zaɓi kamfaninka na Najeriya da hannu. Ran da za ka tsallaka da gaske zuwa Maine Sorowa ko Damagaram, sayen layin can ya fi sauƙi.

Inda datar ke zurarewa

Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ƙorafin "data ba ta daɗewa" ya ƙaru. Kafin ka yi rantsuwa an sace, shiga Data usage. Waya tana rubuta abin da kowace manhaja ta sha, daga babba zuwa ƙarama. Galibi za ka tarar da TikTok ko Facebook ko YouTube a sama.

Wurare uku nake fara toshewa a duk wayar da aka miƙo mini. A WhatsApp, cikin Storage and data, na cire sauke hotuna da bidiyo kai tsaye, domin zauren 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai kaɗai sun isa su cinye datar mako da bidiyon da ba wanda ya buɗe. A Play Store na hana manhajoji sabunta kansu sai ta wayfay. Sannan na kunna Data Saver, wanda ke hana manhajoji sha a ɓoye lokacin da waya take aljihu. Mai sana'ar POS ko mai jiran saƙon kuɗi ya cire manhajar bankinsa daga wannan takunkumi. Ka kuma lura da daidai lokacin da data ta ƙare, domin a wasu tsare-tsaren waya na komawa kan kuɗin kira ta lashe shi cikin mintuna.

Idan duk an yi bai yi ba

Duba agogon wayar. Wadda batirinta ya mutu ta kwana biyu a wurin mai caji tana iya farkawa da kwanan watan shekarun baya, kuma shafuka masu tsaro, har da na banki, ba sa buɗewa da kwanan wata na ƙarya. Mayar da Date and time kan Automatic. Bayan haka sai Reset network settings, wanda a wasu wayoyi aka rubuta Reset Wi-Fi, mobile and Bluetooth. Yana share saitin sadarwa ne kawai, hotunanka da lambobinka suna nan. Amma yana zaune kusa da Factory reset ko Erase all data, wanda ke wanke waya tas. Karanta da kyau kafin ka taɓa, idan kuma Turancin ya yi maka nauyi, kira wanda zai karanta maka.

Gwaji na ƙarshe shi ke raba gardama. Sa layinka a wayar wani, ka sa nasa a taka. Idan layinka ya yi aiki a can, laifin wayarka ne, mai gyara ya duba. Idan bai yi ba, sim ɗin ne ko asusunka. Wanda yake riƙe da tsohon sim tun zamanin 3G sai an musanya masa da na 4G a kan lambarsa. Idan kuwa duk masu layi irin naka a unguwa kuka ɗaya suke yi, ajiye wayar ka huta. Ƙarfunan sabis da janareta da hasken rana suke aiki, mai yana yankewa, ana kuma tsinka wayar ƙarƙashin ƙasa wurin aikin titi. Mutanen Yobe sun san rashin sabis na gaske, tun da aka rufe layuka lokacin dokar ta-ɓaci a Mayun 2013, sai Yuli aka buɗe. Saboda yankewar mai da tsinkewar waya nake ba kowane gida shawarar riƙe layukan kamfanoni biyu daban.

Idan matsalar ta wuce yini, kira 300, lambar kula da masu hulɗa ce a duk layuka. Faɗi sunan garinku da unguwarku, ka nemi lambar ƙorafinka ka rubuta ta a takarda. In an yi kwanaki ba a gyara ba, kira NCC a 622, kyauta ne, ka ba su wannan lambar. Ka kuma gaya wa maƙwabta su ma su kira, domin ƙorafin mutum 30 daga Jajimaji ya fi na mutum ɗaya saurin kai injiniya gindin ƙarfe.